Yadda Ake Sakawa da Sauya Madubin Leƙe da Robar Ido a Na'urorin Gani

Duk na'urar da aka ƙera domin a leƙa ta cikinta, ko tabarau mai hangen nesa ne, ko na'urar hangen taurari, ko madubin likita na ɗakin gwaje-gwaje, ko kyamara, tana ƙarewa da abubuwa biyu a wajen da ido yake sauka. Na farko shi ne madubin leƙe, wato ɗan bututun nan mai ɗauke da ruwan tabarau biyu ko fiye, wanda aikinsa shi ne ƙara girman hoton da babban gilashin gaba ya tattaro. Na biyu kuwa shi ne robar ido, wato zoben roba ko na roba mai tauri da ya kewaye bakin madubin leƙen, inda gira da fatar ido suke jingina. Waɗannan sassa biyu su ne suka fi shan wahala a jikin na'ura, domin su ne kullum suke haɗuwa da gumi da maiƙon fuska da ƙura, kuma su ne suka fi saurin ɓata ko yagewa. Yawancin lokaci mai na'ura zai iya sauya su da hannunsa, matuƙar ya san abu biyu tun kafin ya taɓa komai: ma'aunin abin da zai saya, da kuma ko sashen da yake son cirewa an yi shi don a riƙa cirewa ne ko kuwa a'a.

Zan fara da robar ido, domin ita ce aka fi rainawa. Mutane da yawa suna ɗaukarta a matsayin ado ko matashin da ke hana ƙarfe taɓa fuska, alhali ita ce take ajiye ido a daidai nisan da ya kamata. Kowane madubin leƙe yana da wata tazara da maƙeransa suka tsara tsakanin gilashinsa na ƙarshe da ƙwayar ido, kuma a wannan tazara ce kawai ake ganin da'irar hoton gaba ɗayanta. Idan ido ya matso fiye da kima, sai a riƙa ganin wata baƙar inuwa tana gilmawa daga gefe, ta bayyana ta ɓace duk lokacin da ido ya motsa. Idan kuma ido ya yi nisa, sai gefen hoton ya yanke, mutum ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Saboda haka robar da ta fi ta asali tsawo ko gajarta da milimita uku ko huɗu kacal tana iya sa na'ura mai kyau ta zama abar ƙyama, mai ita ya yi ta zargin gilashi alhali gilashin lafiyarsa ƙalau. Mai sanye da tabarau yana buƙatar madubin da tazararsa ta kai milimita 15 zuwa 20, kuma dole ne ya naɗe robar ko ya murɗa ta ƙasa, tun da tabarau ɗinsa ya riga ya cinye wani ɓangare na tazarar. Wanda ba ya sa tabarau kuwa, sai ya bar ta a miƙe.

A jikin tabarau mai hangen nesa, robar ido iri biyu ce aka fi samu. Akwai mai laushi wadda ake naɗewa baya, akwai kuma mai tauri wadda ake murɗawa ta hau ko ta sauka, tana tsayawa mataki-mataki. Mai laushin tana da ɗan leɓe a cikinta wanda yake shiga wani tsagi da ya zagaye bututun. Cire ta ba shi da wuya: a ɗaga gefe ɗaya da farce ko da tsinken itace mai laushi, a bi ta a zagaye a hankali har leɓen ya fita daga tsagin. Kada a yi amfani da wuƙa ko sukundireba, domin zamewa ɗaya ta isa ta karce gilashin, kuma wannan karcewar ba ta gyaruwa. Kafin a sayi sabuwa, a auna faɗin bututun a daidai wurin tsagin da ma'aunin nan mai baki biyu da ake auna kaurin ƙarfe da shi, a kuma auna tsawon tsohuwar robar daga leɓe zuwa baki. Auna tsohuwar robar kawai yana ɓatar da mutum, saboda ta riga ta saki. Sabuwar da za a zaɓa ya kamata ramin cikinta ya ɗan gaza faɗin bututun kaɗan, kamar da milimita ɗaya, yadda za ta kama da ƙarfin kanta. Idan ta yi tauri wajen shiga, a tsoma ta cikin ruwan ɗumi na 'yan mintoci, a shanya ta ta bushe sarai, sannan a fara sa leɓen ta gefe ɗaya ana bin sa da babban yatsa har ya zagayo. Bayan ta zauna, a juya ta sau ɗaya a kan bututun. Idan ta juya sumul ba tare da wani gefe ya fi wani tudu ba, to leɓen ya shiga ko'ina.

Mai murɗi ta fi buƙatar natsuwa. A wasu na'urori, musamman masu tsada, an yi ta ne yadda idan aka murɗa ta har ƙarshen tsawonta sannan aka ci gaba da juyawa hagu, za ta kwance gaba ɗaya a wanke yashin da ya shige ƙarƙashinta. A wasu kuwa, fatar robar da ke sama ce kawai ake iya ɓarewa, ƙarƙashinta akwai ƙananan sukurori ko ƙusoshi da suke tafiya a cikin karkatattun tsagogi, kuma murɗawa da ƙarfi karya su zai yi. Takardar bayanin na'urar ita ce za ta faɗi wanne ne, kuma idan babu ita, to ƙa'idar da nake bi ita ce: in yatsu biyu ba su iya kwance ta ba, ba na ƙara ƙarfi. Wajen mayar da sabuwa, a ɗora ta a miƙe, a fara juya ta hagu a hankali har a ji ɗan ƙas, alamar haƙoran murɗin sun haɗu, daga nan ne za a juya dama. Haƙoran nan sirara ne ƙwarai, sau da yawa na roba mai tauri ko na alminiyam, kuma idan suka hau juna a karkace sau ɗaya, da wuya su sake zama daidai.

Akwai wani kuskure da na taɓa yi wanda nake so kowa ya guje masa. Robar wani tabarau nawa ta saki tana yawan faɗuwa, sai na ɗiga mata gam ɗin nan mai kamawa nan take, na rufe murfin na ajiye. Da na buɗe washegari, sai na tarar da wani farin hazo ya lulluɓe gefen gilashin, kamar an hura masa garin alli. Tururin gam ɗin ne ya sauka a kan maiƙon yatsa da ke gilashin ya daskare, kuma duk gogewar da na yi bai fita gaba ɗaya ba. Idan har dole sai an manna roba, to a yi amfani da siririn tef mai manne ta fuska biyu, ko ɗan ɗigon gam ɗin roba mai laushi a wuri biyu ko uku, a bar na'urar a buɗe a iska har ya bushe. Haka nan ya kamata a san cewa maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET yana cin roba da fenti, kuma man kare fata daga rana da zafin cikin mota suna sa roba ta yi danƙo. Robar da ta fara danƙo ta riga ta lalace daga ciki, sauya ta ya fi wanke ta.

Game da madubin leƙen tabarau mai hangen nesa shi kansa, shawarata a taƙaice ce: a bar shi. Ba a yi shi don a riƙa cirewa ba, kuma nau'in da ba ya shan ruwa an cika cikinsa da iskar naitirojin ko agon an toshe da zobban roba, don haka buɗe shi yana shigar da danshi, daga baya gilashin ya riƙa yin raɓa ta ciki. Idan ya fashe ko ya karkace, aikin mai gyara ne.

Na'urar hangen taurari ita ce akasin haka, domin an yi ta ne musamman don a riƙa sauya madubin leƙe, wani lokaci sau goma a dare ɗaya. Faɗin gindin madubin iri uku ne: inci 0.965 wanda ake samu a tsofaffin na'urori da ƙananan na yara, inci 1.25 wato milimita 31.75 wanda ya fi yawa a yau, da inci 2 wato milimita 50.8 na masu son faɗin gani. Madubi mai inci 1.25 yana shiga ramin inci 2 ta hanyar wani zoben cike gurbi, amma babba ba ya shiga ƙarami. Lambar da aka rubuta a jikin madubin da milimita, kamar 25 ko 10, nisan tattara haskensa ne, kuma da ita ake lissafin girman da zai bayar: a raba nisan tattara hasken na'urar da na madubin. Na'ura mai milimita 1200 za ta ninka girma sau 48 da madubi mai 25, ta ninka sau 120 da mai 10. Sai dai akwai iyaka, wadda ta kai kusan ninki biyu na faɗin gilashin gaba a milimita. Ƙaramar na'ura mai faɗin milimita 70 da nisan tattara haske 700 ba ta amfana da abin da ya wuce ninki 140, don haka madubi mai milimita 4 da ake yawan haɗawa da irinta, wanda ke ba da ninki 175, hoto mai duhu da dishi-dishi kawai zai nuna. Wanda zai sayi madubi ɗaya tak don maye gurbin wanda ya ɓata, ina ganin gara ya ɗauki mai milimita 25 ko kusa da haka.

Haruffan da ke gaban lambar ma suna da ma'ana. H tana nufin tsarin Huygens na ƙarni na 17, K tsarin Kellner na shekarar 1849, PL kuwa tsarin Plössl, maƙerin birnin Biyana, na wajen 1860, wanda ke ba da faɗin gani na kusan digiri 50 kuma har yau shi ne aka fi samu. Abin lura game da Plössl shi ne tazarar idonsa tana raguwa tare da lambarsa, kusan kashi bakwai cikin goma na nisan tattara haskensa ce, don haka mai milimita 6 sai ido ya kusa manne wa gilashi, gashin ido yana shafa masa maiƙo. Mai sa tabarau ba zai ji daɗinsa ba. Mafita ita ce a riƙe madubi mai doguwar tazara a haɗa shi da gilashin Barlow mai ninka biyu, wanda ake sakawa tsakanin madubin da na'urar.

Sakawar kanta ga yadda take. A sassauta ɗan sukurin da ke gefen ramin har bakinsa ya koma ciki, amma kada a kwance shi gaba ɗaya, domin a cikin duhu idan ya faɗi ƙasa ba a ganinsa. A cire murafen madubin biyu, na sama da na ƙasa, a zura gindin har kafaɗarsa ta zauna a kan bakin ramin, sannan a ɗaure sukurin da yatsu, iya yadda madubin ba zai zame ba idan na'urar ta juya. Ɗaurewa da ƙarfi yana huda gindin madubin ya bar tabo, kuma yana karkatar da shi. Wasu ramukan suna da siririn zoben tagulla a ciki wanda sukurin ke matsawa, kuma sun fi kyau domin ba sa yin tabo, sai dai madubin da ke da tsagin kariya a gindinsa yakan maƙale a wannan zobe wajen fita. Idan haka ta faru, a ƙara sassauta sukurin, a juya madubin a hankali ana ɗagawa, kada a fizga. Hannu ɗaya ya kasance riƙe da madubin a duk lokacin da ɗayan yake kan sukuri. A fara kallo da madubi mai babbar lamba domin a sami abin da ake nema a tsakiya, sannan a sauya zuwa mai ƙaramar lamba a sake saita gani. Idan madubin mai nauyi ne, a ɗaure makullan na'urar kafin a cire shi, in ba haka ba gaban na'urar zai iya rinjaya ya sunkuya da ƙarfi.

A nan dole in tsaya a kan wani abu mai hatsari. Wasu tsofaffin na'urori suna zuwa da ɗan baƙin gilashi da ake murɗawa a gindin madubin leƙe wai don kallon rana. A jefar da shi. Yana zaune ne a daidai inda zafin rana yake taruwa, yana iya fashewa farat ɗaya, kuma hasken da zai shiga ido a wannan lokaci yana makantarwa har abada. Matacin hasken rana na gaskiya a gaban na'ura ake sa shi, ya rufe bakin gaba ɗaya.

Na'urar hangen nesa ta masu kallon tsuntsaye tana da nata tsari. Yawancinsu madubin yana shiga ne da kwata ɗin juyi ya kulle, kuma kowane kamfani da irin makullinsa. A daidaita ɗigon da ke jikin madubin da na jikin na'urar, a tura, a juya har a ji ya kama; wajen cirewa kuma a danna maɓallin sakin kafin a juya.

Madubin likita ya fi duka sauƙin sakawa, amma ya fi su saurin yaudarar mai saye. Madubin leƙensa zura shi kawai ake yi a bututu, wani lokaci da ɗan ƙaramin sukuri a gefe da ake kwancewa da siririn makulli, musamman a na makarantu. Faɗin gindin yakan kasance milimita 23.2, ko 30, ko 30.5, kuma na biyun ƙarshe sun yi kusa da juna har ido ba ya bambancewa, don haka a auna ramin bututun kafin a saya. Rubutu irin WF10X/20 yana nufin madubin yana ninka girma sau 10, lambar faɗin ganinsa kuma 20 ce. Idan aka haɗa shi da gilashin ƙasa, wato wanda ke kusa da abin da ake dubawa, mai ninki 40, girman ya zama 400, faɗin abin da ake gani kuma 20 a raba da 40, wato rabin milimita. Mutane kan yi sha'awar sayen madubi mai ninki 20 don su kai 2000 da gilashin ƙasa mai ninki 100, amma girman da ke da amfani ba ya wuce kusan sau 1000 na lambar buɗewar gilashin ƙasa, wadda ake rubutawa a jikinsa. Gilashi mai ninki 100 da lambar 1.25 iyakarsa wajen 1250 ce, abin da ya haura haka girma ne ba tare da ƙarin bayani ba. Wani abin da ba a cika sani ba shi ne, a tsofaffin na'urori da yawa masu bututu mai tsawon milimita 160, madubin leƙen ne yake ƙarasa gyaran launin da gilashin ƙasa ya bari, kuma irin waɗannan madubai sukan ɗauki harafin K ko C. Idan aka maye gurbinsu da na wani kamfani, sai a ga jan layi ko shuɗi a gefen abubuwa, musamman a bakin da'ira. Saboda haka a nemi na kamfani ɗaya da jeri ɗaya, kuma a na'ura mai ido biyu a sauya su biyun tare. Kada a bar bututun a buɗe ko na minti biyar. Idan sabon bai iso ba, a toshe shi da murfi, domin ƙurar da ta sauka a kan gilasan ciki ba ta fita da sauƙi. Akwai dabara mai sauƙi ta gane inda datti yake: a juya madubin leƙen a cikin bututunsa ana kallo, idan ɗigon ya juya tare da shi, to a jikinsa yake. Wanda madubinsa yake da ma'aunin awo a ciki kuma, ya sani cewa bayan sauyawa sai ya sake gwada ma'aunin da gilashin awo na kan faranti, a kowane gilashin ƙasa.

Kyamara kuwa robar idonta takan zame ne ta kan wasu 'yan layuka biyu a gefen tagar leƙe. A yawancin kyamarorin Canon ana zare ta sama, a wasu sai an matse gefunan biyu, kuma nau'o'inta kamar Eb da Ef da Eg ba duka ne suke maye gurbin juna ba. Nikon tana da masu kusurwa huɗu irin DK-21 da DK-25 masu zarewa sama, tana kuma da zagayayyen gilashin leƙe DK-17 mai murɗi a manyan kyamarorinta, wanda ba ya kwancewa sai an rufe labulen tagar da ɗan hannun da ke gefenta, domin shi ne makullinsa. Wajen mayarwa a tura robar ƙasa har a ji ta kama, sannan a ɗan ja ta sama a tabbatar, saboda wadda ba ta kama ba takan faɗi idan kyamara tana gogar tufafi. A kyamarori marasa madubin ciki akwai ɗan na'urar jin kusantowar ido kusa da tagar, kuma robar da ba ta dace ba tana iya rufe ta, sai allon baya ya ƙi kunnuwa a zaci kyamarar ta lalace. A kuma duba ɗan ƙaramin gargaren daidaita gani da ke gefen tagar, domin yatsa yakan juya shi wajen cire roba. Ana saita shi ne ta kallon lambobi da layukan cikin tagar har su fito tsaf.

Tun da an riga an cire roba, lokaci ne mai kyau na tsabtace gilashin. A fara hure ƙurar da robar hura iska, gilashin yana kallon ƙasa, a bi da buroshi mai laushi, sannan a ɗan jiƙa takardar goge gilashi ko auduga mai tsinke da ruwan goge gilashi ko sifirit na isofurofil, a goge daga tsakiya zuwa gefe ana zagayawa, kowace shafa da sabon wuri. Ruwan a kan takardar ake ɗiga shi, domin idan aka zuba a gilashin kai tsaye yakan bi gefe ya shige ciki. Kada a kwance madubin leƙe don a wanke cikinsa, saboda gilasan suna da tsari da fuskar da kowanne yake kallo, kuma ɗaya ya juye hoton ya lalace.

Abin da ya rage shi ne daidaita na'ura mai ido biyu da idanun mai ita, domin sauya roba ko madubi yakan gusar da saitin. A buɗe ko a matse bututun biyu har da'ira biyun su haɗe su zama ɗaya. A tabarau mai hangen nesa, a rufe gilashin gaba na dama da murfinsa, a saita gani da gargaren tsakiya a kan wani abu mai rubutu da ke nesa, sannan a mayar da murfin kan gilashin gaba na hagu, a juya zoben da ke jikin madubin dama kawai har rubutun ya fito sarai, ba tare da an sake taɓa gargaren tsakiya ba. Rufewa da murfi ya fi runtse ido, domin runtsewa tana matsa ɗayan idon ta ɗan canza ganinsa. A madubin likita ma haka ake yi, a fara da bututun da ba shi da zobe, a ƙare da mai zobe. Lambar da zoben ya tsaya a kai, a rubuta ta a ɗan tef a manna a cikin akwatin na'urar, tare da faɗin bututu da lambar robar da aka saya.